Masu Kallo a Garin Gwamna

Al'adar masu rubuta tarihin wasanni ce, a nan ƙasar da sauran ƙasashe, idan sun ɗauki alƙalami su lissafa wanda ya ci da wanda aka ci, su faɗi shekarar da aka ɗauki kofi da sunan gwanin da ya jefa ƙwallo a raga, sa'an nan su rufe littafi, su bar mutumin da ya taso daga Tudun Wada ko Unguwar Shanu tun bayan azahar, ya tako da ƙafa cikin rana, ya ciro kuɗin da ya kamata ya yi cefane da su ya miƙa a bakin ƙofa, ya tsaya sa'a biyu yana ihu har muryarsa ta dushe, ya koma gida da almuru, ko dai yana tafe kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa, ko kuwa kamar wanda ya dawo daga jana'iza, alhali bai taɓa ƙwallon nan ko da ɗan yatsa ba, kuma a ci ko kada a ci, babu anininsa a ciki. Wannan mutum shi nake nufin in ba da tarihinsa a Kaduna, domin a ganina ya fi kowa ban mamaki a cikin sha'anin, kuma ta kansa ake gane wani abu daga halin garin nan wanda ba a samunsa a takardun gwamnati.

Sai mu fara da garin kansa. Mutumin Kano ko na Katsina ko na Zariya, tun ran da aka yanka masa ragon suna ya riga ya sami matsayi, domin yana da ganuwar da ta kewaye shi, da ƙofar da kakanninsa suke fita gona ta cikinta, da unguwar da aka san gidansu da sana'arsu, da Sarkin da ake rufa wa baya ran hawan Salla. Kaduna kuwa ba ta gaji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ƙauyukan Gwari ne a bakin kogi mai yawan kada, a cikin ƙasar Zazzau, sai Gwamna Lugga ya ga wurin ya dace da nufinsa saboda ruwa da hanyar jirgin ƙasa, aka kawo soja, aka yanka tituna, a shekarar 1917 aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dasa ta nan. Waɗanda suka cika garin duk baƙi ne, soja da 'yan sanda, da ma'aikatan reluwe, da akawunan da aka ɗauko daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas, da leburori da masinjoji, da fatake da mahauta da malamai waɗanda suka biyo jama'a inda ta yi. Har yau sunayen wurare suna ba da shaida, don Tudun Nufawa da Unguwar Kanawa suna faɗin inda mazaunansu na farko suka fito, titunan tsakiyar gari kuwa, da yake babu wani kaka da za a sa musu sunansa, sai aka ara musu sunayen garuruwan wasu, ga titin Legas, ga na Ibadan, ga na Abekuta, ga hanyar Kano da ta Katsina.

Shaihin malami Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya yi dogon bayani a kan abin da ya kira asabiyya, watau ɗaurin zuciyar nan da ke sa mutum ya ji zafin abin da ya sami ɗan'uwansa kamar a jikinsa ya sauka, ya kuma nuna cewa ko da yake asalinta jini ne da nasaba, takan tsiro daga ƙawance da jiɓinta da daɗewar zama tare. Ɗan Adam ba ya jimre zama ba tare da wata jama'a da zai jingina da ita ya ce “mu” ba. Baƙon da ya sauka a Kaduna, masallaci ko coci ya ba shi jama'ar addini, taron 'yan garinsu ya ba shi ta harshe, jam'iyyun siyasa da suka zo daga baya suka ba shi tasu. Amma kowace daga cikinsu, duk da alherinta, wani yanki ne na garin ta tara ta bar saura. Wurin da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Bagwari da mutumin Kudancin Zariya suka fara haɗa murya ɗaya a kan abu ɗaya, ba da umurnin Razdan ba, ba kuwa don albashi ba, har suka ce “an ci mu” ko “mun ci” da nufin Kaduna duka, lalle filin ƙwallo ne.

Kada mai karatu ya zaci Turawa ne suka koya mana kallo. Tun kafin a ji sunan tamaula a ƙasar Hausa, idan kaka ta yi aka kawar da amfanin gona, mahauta sukan ɗaura zare a hannu su shiga garuruwa neman abokin dambe, 'yan kokawa su yi ɗamara, makaɗa su zuga, jama'a ta kewaye fage ta rabu biyu, kowa da gwaninsa. Rabuwar 'yan dambe zuwa Kudu da Arewa da Guramaɗa, wadda mai kallo yake ɗaukar ɗaya ya riƙe har tsufansa, ita ce ainihin abin da ake kira goyon bayan kulob a yau, kuma wanda ya ga yadda dattawa suke sauya fuska idan aka sa waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, ya san cewa zuciyar mai kallo ta daɗe da nuna kafin ƙwallo ya iso. Ta fuskar shari'a kuma malamai ba su rasa abin faɗi ba. Ya tabbata a hadisi cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo daga bayan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, kuma fuƙaha'u sun ware babi a kan tseren dawaki da harbi. Abin da suka tsananta a kai shi ne sharuɗɗa: kada caca ta shiga, kada a tozarta lokacin salla, kada a bayyana al'aura, kada wasa ya haifi gaba. A kan waɗannan sharuɗɗa ne aka yi ta jayayya tsakanin iyaye da 'ya'ya a zaurukan Kaduna shekara da shekaru, kuma in za a yi adalci, sau da yawa iyayen ne da gaskiya, don la'asar da magariba sun sha wuya a hannun 'yan kallo.

Wasannin da aka fara yi a sabon garin na masu doki ne. Hafsoshin soja da joji-joji suka share filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala, aka kafa kulob ɗin ƙwallon dawaki a 1918, aka soma gasar kofin Georgian a 1919, har Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da Turawan kansu suke sara wa. A wannan fili aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka kuma yi babbar dabar bikin al'adun baƙar fata a 1977. 'Yan makaranta kuma suna da nasu, domin Kwalejin Katsina da ta zauna a Kaduna daga 1938 zuwa 1949, kafin ta koma Zariya, ta zo da kurket da wasan nan na dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya ƙaunata har ƙarshen rayuwarsa. Talaka yana son doki, yana kuwa zuwa ya tsaya bayan shinge ya ba idonsa abinci, amma kallon sha'awa yake yi irin na hawan Salla, ba ya komawa gida da ciwon rai don wani hafsa ya kuskure ƙwallo.

Tamaula ce ta zo daidai aljihunsa. Ta shigo ƙasar nan ta bakin teku, inda aka rubuta wasa a Kalaba tun 1904, ta biyo makarantun mishan da barikokin soja da layin dogo har ta hau Arewa, kuma abin da ya yaɗa ta shi ne arha, da yake ba ta bukatar doki ko sirdi ko sanda, sai tsumma da aka dunƙule aka ɗaure, ko ɗanyen lemo, da duwatsu biyu a madadin raga, da yaran da ba su da takalmi. Da aka sa kofin Gwamna a 1945, aka ga 'yan wasan Kano sun ɗauko shi a 1953, sai mutanen Arewa suka tabbata abin bai fi ƙarfinsu ba. A Kaduna kuwa ma'aikatu ne suka raini wasan, domin garin na masu albashi ne. Masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu suka biyo ta, ma'aikatar ƙera makamai ta soja ta kafu a 1964, kuma irin waɗannan wurare sukan ɗauki saurayi mai ƙafa su ba shi aiki da suna, ainihin aikinsa kuwa shi ne ya sa rigarsu ran Asabar. Haka aka sami ƙungiyar masaƙar UNTL, haka aka sami DIC Bees. Mai kallo na wancan zamani ya san ɗan wasa ido da ido, tare suke amsa jiniyar safe, tare suke cin bashin mai tuwo, in ya zubar da ƙwallo a bakin raga ran Asabar, ran Litinin sai ya amsa tambaya a bakin injin.

Sardauna Ahmadu Bello, Allah Ya jiƙansa, wanda ya san darajar wasa tun yana ɗalibi, shi ya sa aka gina babban filin da ke ɗauke da sunansa, aka gama shi a tsakiyar shekarun 1960, gab da rasuwarsa. Ina roƙon mai karatu ya lura da inda aka ajiye shi, domin maganar za ta dawo: yana gefen arewa na kogi, amma daf da gada, ta yadda mai fitowa daga Kawo ko Unguwar Rimi da mai haurowa daga Kakuri ko Barnawa kusan a tsakiya suke haɗuwa. Gidan rediyon Kaduna kuma, wanda aka buɗe a 1962, ya kai labarin wasanni inda ƙafa ba ta kai, har aka sami masoya a ƙauyukan da ba su taɓa ganin filin ba. A cikin watan Afrilu na 1978 wannan fili ya ga abin da tsofaffi ba su gaji da faɗinsa ba, ranar da Pele na Barazil, bayan ya riga ya yi ritaya, ya sa rigar ƙungiyar Fluminense ya buga da Raccah Rovers ta Kano, baƙin suka ci biyu da ɗaya. Ba a tuna ranar don sakamakonta. Ana tunawa da ita don mutumin da ake jin sunansa a rediyo kamar tatsuniya ya taka ciyawar Kaduna, leburan da bai taɓa wuce Zariya ba ya gan shi da idonsa, ya sami abin da zai gaya wa jikoki.

Amma zamanin da son ƙwallo ya kai maƙura a garin nan shi ne zamanin Ƙudan Zuma, watau Bees, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan. Ƙungiyar DIC Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na ƙasa a 1983, ta kara da Rangers ta Inugu, aka tashi ba wanda ya rinjayi wani, aka je bugun fanareti, aka ci ta. Bayan haka marigayi Alhaji Muktar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanata, ya karɓe ta ya zuba dukiyarsa, aka sauya mata suna ta koma Ranchers Bees, jama'a kuma suka riƙa kiran 'yan wasanta yaran Aruwa. A 1987 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, ta haɗu da Abiola Babes ta Abekuta, aka sake zuwa fanareti, aka sake cin ta. A 1988 ta wakilci Nijeriya a gasar masu riƙe da kofi ta Afirka, ta bi ƙasashe tana kawar da abokan karawa har ta kai ƙarshe, sai ƙungiyar garin Bizerte ta Tunisiya ta ɗauke kofin da ci ɗaya tak a tsakanin wasa biyu. Sau uku ke nan cikin shekara shida ana kai loma bakin mutanen Kaduna ana janyewa.

Wanda bai san sha'anin ba zai ce irin wannan ya isa ya kashe ƙauna, alhali kuwa shi ya dasa ta. Nasara kowa abokinta ne, har wanda bai san sunan gola ba yakan fito titi ya yi murna. Amma baƙin ciki sai mai shi, kuma mutanen da suka taɓa fitowa daga fili ɗaya shiru, ba mai iya duban ɗan'uwansa, suka hau bas ɗaya ba wanda ya ce uffan har aka sauka, sun ƙulla wani zumunci da daɗi kaɗai ba ya ƙulla irinsa. Da Allah Ya kawo 1989, Ranchers Bees ta doke ASEC ta Abijan ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma, murnar da aka yi ta waɗanda suka yi haƙuri ce, irin ta manomin da ya yi shuka uku fari yana cinyewa, ta huɗu ta yi.

Shi kuwa filin a ranar babban wasa, gari ne sukutum. Masu rake da gyaɗa da ruwan sanyi sun kama wuri tun hantsi, makaɗa sun shigo da kalangu da kakaki na zamani, manya suna inuwa a kan kujeru, talakawa suna gefen rana, yaran da ba su da kuɗin ƙofa suna raɓe suna jiran wani baba ya kama hannunsu ya ce nasa ne, ko kuwa a buɗe ƙofa gab da tashi su kwarara ciki su sami ko minti goma. Mutum yakan zauna shekara biyar kusa da wani, ya san irin ihunsa, ya san ɗan wasan da ya tsana, su raba rake, in bai gan shi ba ran wasa ya tambaya ko lafiya, bai kuwa taɓa tambayarsa addininsa ko garinsu ba, don a wannan wuri tambayar ba ta da muhalli. Ba na cewa wurin ya tsarkaka daga aibi. An yi jifa, an tsare alƙalan wasa, an zagi iyayen baƙi, an kai kuɗi wurin bokaye don a ɗaure ƙafar abokan karawa, kuma duk wannan ta'assubanci ne abin ƙi wanda shari'a da hankali suka haɗu a kan muninsa, domin asabiyya wuta ce, tana dafa tuwo tana kuma cin ɗaki. Sai dai ko a cikin aibin, layin da ya raba mutane na riga ne, ana tashi kuwa ya goge.

Irin wannan ƙasa ba ta rasa tsiro. Yaran da suka taso suna kallon waɗannan wasanni, suna buga nasu a filayen makarantun firamare da lungunan unguwa har duhu ya hana ganin ƙwallo, su ne suka fita duniya. Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, yana ɗan saurayi ya buga wa Ranchers Bees, daga nan ya tafi Beljiyam a 1990, ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 1994. Ran 3 ga Agusta 1996, da Nijeriya ta doke Ajantina uku da biyu ta ɗauki zinariyar wasannin Olimfik na Atlanta, Celestine Babayaro ne ya ci ta farko, Amokachi ya ci ta biyu, dukansu 'yan garin nan, kuma a cikin tawagar akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Emmanuel Babayaro, su ma a nan aka haife su. Mutum biyar daga gari ɗaya, biyu Musulmi uku Kirista, suna magana da Hausar bariki ɗaya, kuma a daren nan babu wanda ya tsaya lissafin nan da na yi yanzu, daga Rigasa har Sabon Tasha “yaranmu” kawai ake cewa. Shekara uku bayan haka, a gasar matasa ta duniya ta 1999, filin Ahmadu Bello ya karɓi wasan da Sifen ta fitar da Gana da wanda ta doke Mali, mutanen Kaduna suka ga Xavi da Casillas tun ba su yi suna ba.

Daga nan sai al'amura suka juya, kuma alƙalami yana nauyi wajen rubuta su. Fitinar da ta auku a watan Fabrairu na 2000, da wadda ta biyo baya a Nuwamba 2002, sun ci rayuka masu yawa, suka kuma yi wa garin abin da ba a taɓa yi masa ba, watau suka mai da kogin iyaka. Musulmi da yawa suka kwashe suka hauro arewa, Kirista da yawa suka gangara kudu, maƙwabtan shekara talatin suka sayar da gidaje suka rabu ba sallama. Victor Moses, wanda ya ɗauki kofin Afirka da Nijeriya a 2013, yana yaro ya rasa iyayensa biyu a fitinar 2002, aka kai shi Ingila maraya. Ke nan har a cikin 'yan ƙwallon kansu akwai tabon. A cikin shekarun nan ne kuma masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, dubban masu albashin da suke cika fili ran Asabar suka koma neman na tuwo, Ranchers Bees ta gangara ƙananan rukunai ta daɗe a can. Kaduna United ta share wasu hawaye a 2010, ranar da ta doke Enyimba da bugun fanareti a Kano ta kawo kofin da ya kuɓuce wa Ƙudan Zuma sau biyu, amma jama'ar da za ta riƙe wannan murna ta raine ta, ta riga ta watse.

Son ƙwallo bai mutu ba, gida ya sauya. Tauraron ɗan Adam ya kawo wasannin Turai, Celestine Babayaro ya tafi Chelsea a 1997, Kanu ya tafi Arsenal a 1999, zukata suka bi su, da suka bar can kuma zukatan ba su dawo ba. Yau babu unguwar da ba ta da gidan kallo, rumfar kwano da bencina da janareto, da allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, kuma a teburin mai shayi a Badarawa ko Hayin Banki za ka ji saurayi yana lissafa 'yan wasan Madrid har da na benci, yana faɗin kuɗin da aka sayi kowa, yana cewa “mun saya” da “mun sayar”. Ba ni cikin masu yi musu dariya, don na san abin da suke ji gaskiya ne. Yaron da ya wuni yana tura baro ko yana jiran aikin da bai zo ba, in ya sami sa'a biyu da zai zama ɗan wata babbar jama'a mai nasara, ba ƙaramar rahama ba ce. Abin da ke damuna biyu ne. Na farko, caca ta wayar hannu ta shiga tsakani, ta mai da ƙauna ciniki, ta cinye jarin yara da yawa, wannan kuwa haramun ce bayyananna. Na biyu, gidan kallo na unguwa ne, kowa yana kallo da irinsa, ba ya bukatar ya haye gada, kuma ƙungiyar da yake kuka dominta ba ta san akwai wani gari mai suna Kaduna ba.

Akwai wani labari daga Amurka da ya taimake ni fahimtar abin da muka yi hasara. Mutanen can suna da wasan da suke kira besbol, ana jefo ƙwallo mutum ya doke shi da kulki ya zagaya fili da gudu, kuma suna ƙaunarsa ƙauna mai tsanani. Wata ƙungiya ta birnin Shikago, Cubs, ta ɗauki kofin ƙasar a 1908, ba ta sake ɗauka ba sai 2016, shekara 108 ke nan, aka haifi mutane suka tsufa suka mutu suna jira. Da nasarar ta zo, sai jama'a suka taru a jikin bangon filinsu suna rubuta sunayen iyayensu da kakanninsu da alli, waɗanda suka kai su kallo suna yara, ba su kuwa ga ranar ba. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne ƙungiyar tana nan a garinta, a filinta, uba ya kama hannun ɗa, ɗa ya kama na jika, kamar yadda ake karɓar karatu daga malami zuwa malami. Mu a nan isnadin ne ya yanke. Uban da ya yi kuka a 1988 yana da ɗa mai kuka saboda Manchester, suna gida ɗaya, kowa da alhininsa, ba wanda zai yi wa wani ta'aziyya.

A wannan shekara ta 2016 ɗin dai Kaduna ta nuna abin da ke kwance a ƙarƙashin toka. Ran Juma'a 25 ga Maris Nijeriya ta karɓi Masar a filin Ahmadu Bello, aka buɗe ƙofofi kyauta, jama'a ta kwararo daga hayin kogi biyu har aka ƙiyasta mutum wajen 40,000, abin da ya fi ƙarfin wurin nesa ba kusa ba. Samari suka hau allon sakamako, suka ɗare ƙarafan fitilu har ƙoli, hotunansu suka zaga duniya, hukumar ƙwallon Afirka ta ci Nijeriya tarar dala 5,000, kuma kiyayewar Allah ce kaɗai ta sa ba a kwashi gawa ba, don haka ba abin a sake ba ne. Etebo ya ci, Muhammad Salah ya farke ana gab da tashi, aka yi kunnen doki, mutane suka fita jiki a sanyaye kamar yadda iyayensu suka saba fita. Amma wanda ya dubi taron nan da idon basira ya ga ƙishirwa ce ta shekaru, ta mutanen da suke son su tsaya wuri ɗaya su yi ihu ɗaya, aka daɗe ba a ba su dalili ba.

A 'yan shekarun nan Sadiq Umar, ɗan garin nan wanda ya yi suna a Sifen, yana cikin waɗanda suka karɓi ragamar Ranchers Bees da niyyar tayar da ita, kuma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma mai kuɗi iyakarsa ya sayi 'yan wasa ya biya albashi, ba ya iya sayen mai kallo. Saboda haka kirana ga dattawan da suka ga 1983 da 1989 da idonsu, waɗanda yanzu furfura ta rufe su, kullum kuma ana raguwa, shi ne su zaunar da 'ya'yansu su ba su labarin tun da sauran numfashi, ɗaliban jami'a kuma su bi su da takarda da na'urar ɗaukar magana kafin a nema a rasa. Kai kuma mai karatu, in kana Kawo ne ko Kakuri, ran da ka ji ƙungiyar garinku za ta buga a gida, ka yi sallar la'asar a kan lokaci, ka kama hannun ɗanka, in ka ga wani yaro a raɓe bakin ƙofa ka haɗa da shi, ka biya ku shiga.